Ina WordPress ke ajiye CSS ɗin da mutum ya ƙara da hannunsa?

Mai Shafin Noma ya rubuta:

Assalamu alaikum. Ina neman taimakon masana a kan wata matsala da ta hana ni sukuni tun shekaranjiya. Ni ne nake kula da wani shafin intanet da muke wallafa bayanan noma da kiwo da Hausa, wanda aka gina a kan WordPress, manhajar gina shafukan intanet, kimanin shekara huɗu da suka wuce. Wanda ya gina mana shi ya koma wani gari, kuma tun bayan tafiyarsa ni nake ɗan taɓa abin da na iya. A tsawon wannan lokaci na riƙa zuba CSS, wato umarnin da ke tsara kamannin shafi, a akwatin nan na cikin Customizer (sashen gyara kamannin shafi a WordPress) da aka rubuta wa Additional CSS. Na mayar da kanun labarai kore, na ƙara girman rubutu saboda dattawan da ke karanta mu a waya, na ɓoye ranar wallafa a wasu shafuka, sannan abin da ya fi muhimmanci a wurina, na sa wani salon haruffa da ke fitar da ɓ da ɗ da ƙ da ƴ yadda ya kamata, domin wanda jigon (theme, wato tsarin zanen shafin) ya zo da shi yana sa su fita dabam a tsakiyar kalma kamar an aro su daga wani littafi. Layukan da na tara sun kusa ɗari biyu.

Shekaranjiya na canza jigon shafin zuwa Twenty Twenty-Four, sai na wayi gari duk gyaran nan babu ko ɗaya. Na shiga cPanel, wurin sarrafa fayilolin shafin a kamfanin da ke ajiye mana shi, na buɗe foldar wp-content, na bi fayilolin tsohon jigon ɗaya bayan ɗaya har da style.css, ban ga ko layi guda daga cikin abin da na rubuta ba. Ƙari a kan haka, shi kansa Customizer ya ɓace daga ƙarƙashin Appearance, sai wani abu mai suna Editor ya maye gurbinsa. Shin aikin nan ya salwanta ke nan? Idan bai salwanta ba, a ina yake zaune? Kuma daga yanzu a ina ya dace in riƙa ajiye irin wannan gyara don kada in sake shiga wannan hali?

Tsohon Ma'aikacin Saba ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka kwantar da hankalinka, aikinka yana nan bai je ko'ina ba. Dalilin da ya sa ba ka gan shi a cikin foldoji ba shi ne, tun asali ba a fayil WordPress ke ajiye shi ba. Tun da aka shigo da akwatin Additional CSS a WordPress 4.7, a watan Disamba na 2016, duk abin da aka rubuta a cikinsa rumbun bayanai yake tafiya, ya zauna a teburin wp_posts, wato teburin da labaranka da shafukanka suke. WordPress na ɗaukar sa tamkar wani labari na musamman da ba a nuna wa masu karatu, nau'insa custom_css, kuma sunan da ake ba shi shi ne sunan foldar jigon da ke aiki a lokacin da aka rubuta shi. A nan ne amsar tambayarka take. Kowane jigo yana da nasa rubutun daban, saboda haka da ka koma Twenty Twenty-Four, WordPress ya nemi rubutu mai sunan twentytwentyfour bai samu ba, sai ya nuna maka shafin babu gyara. Na tsohon jigon yana nan a ajiye da sunansa, yana jiran ranar da za a sake kunna shi.

Hanya mafi sauƙi ta ɗauko shi ba ta buƙatar ka taɓa rumbun bayanai ko kaɗan. Idan ba ka goge tsohon jigon ba, ka je Appearance, ka shiga Themes, ka danna Live Preview a kansa ba tare da ka kunna shi ba. Customizer zai buɗe da tsohon jigon, kuma za ka tarar da layukanka cikakku a Additional CSS. Ka kwafe su, ka zuba a fayil na rubutu zalla a kwamfutarka, ka rufe ba tare da ka danna komai ba.

Idan kuwa ka riga ka goge jigon, to sai ka bi ta phpMyAdmin, manhajar duba rumbun bayanai da ke cikin cPanel ɗin nan da ka ce ka shiga. Ka zaɓi rumbun shafin, ka buɗe wurin rubuta SQL, ka sa wannan:

SELECT ID, post_name, post_content FROM wp_posts WHERE post_type = 'custom_css';

Ka lura cewa ba lallai ne sunan teburinka ya fara da wp_ ba, domin kamfanonin hostin da yawa suna canza wannan farkon suna lokacin girka WordPress, kuma za ka ga naka a jerin teburan da ke gefen hagu. Umarnin nan karantawa kawai yake yi, ba ya canza komai, amma ina roƙonka kada hannunka ya kai kan Edit ko Delete alhali ba ka da kwafin rumbun a ajiye. Na taɓa ganin wanda ya je ɗauko layi goma ya dawo ya rasa shafin farko na gidan gaba ɗaya.

Wani abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, WordPress na adana tsofaffin nau'o'in wannan rubutu kamar yadda yake adana na labarai, duk da cewa bai ba ka maɓallin ganin su a Customizer ba. Suna nan a teburin guda da nau'in revision, kuma lambar post_parent ɗinsu ita ce ID ɗin da umarnin sama ya nuna maka. Ranar da ka goge wani layi bisa kuskure ka adana, nan za ka je nemansa.

Malama Mai Zanen Shafuka ta amsa:

Bayanin da Malam ya yi a sama daidai ne, sai dai ina so in ja hankalin mai tambaya kan abin da zai tarar bayan ya samo layukan nasa, domin na san abin da zuciya za ta raya masa shi ne ya kwashe su duka ya juye a sabon jigon. Idan ya yi haka, mafi yawansu ba za su yi aiki ba, kuma zai zaci wani abu ne ya sake lalacewa.

CSS ba ya aiki sai ya kira abu da sunansa. Tsofaffin jigogi da dama suna kiran kan labari da .entry-title, ranar wallafa kuma da .posted-on ko makamancinsa, alhali Twenty Twenty-Four jigo ne na bulok, wato wanda ake haɗa kowane sashen shafi da tubala, irin waɗanda suka fara zuwa da WordPress 5.9 a farkon 2022, kuma a wurinsa kan labari .wp-block-post-title ne, rana kuma .wp-block-post-date. Umarnin da ka rubuta wa .entry-title zai zauna ne kawai yana kiran wanda ba ya gidan. Saboda haka kafin ka mayar da kowane layi, ka buɗe shafin a burauzar kwamfuta, ka danna dama a kan abin da kake son gyarawa, ka zaɓi Inspect, ka ga sunan da sabon jigon ya ba shi.

Amma ma kafin wannan, Malam, ka zauna ka tace layukan nan ɗari biyu, domin ina kyautata zaton fiye da rabinsu ba ka bukatar su yanzu. Launin kanun labarai da girman rubutu duk ana saita su a Editor, a sashen Styles, ba tare da rubuta ko harafi ɗaya ba. Ranar wallafa kuwa bulok ce mai zaman kanta a cikin samfurin shafi, sai ka cire ta kawai, wanda ya fi ɓoye ta da display: none, tunda ɓoyewar ba ta hana a aiko ta zuwa wayar mai karatu.

Batun haruffa masu lanƙwasa shi ne ya fi jan hankalina, don ni ma na sha fama da shi. Abin da ke faruwa shi ne, salon haruffa da yawa ba a zana musu ɓ da ɗ da ƙ da ƴ ba, to idan burauza ta zo kansu sai ta ɗauko su daga wani salon da ke cikin na'urar, shi ya sa kake ganin ƙ ɗin "ƙasa" ya fi sauran haruffan kauri ko ya ɗan karkace. Noto Sans da Noto Serif na Google suna da su, haka ma Andika da Charis na SIL. Tun daga WordPress 6.5, wanda ya fito a Afrilun 2024, akwai wurin sarrafa salon haruffa a cikin Styles, ƙarƙashin Typography, inda za ka girka salon daga Google Fonts ko ka ɗora naka, fayilolin su zauna a sabarka, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafin, a cikin wp-content/uploads/fonts. Bayan ka girka, ka gwada da manyan haruffa ma, wato Ɓ da Ɗ da Ƙ da Ƴ, a rubutu mai kauri da na gicciye, domin a kanun labarai ne aibin ya fi fitowa.

Abin da ya rage bayan tacewar, akwai masa akwati a sabon tsarin. Tun WordPress 6.2 na Maris 2023, idan ka shiga Styles ka danna ɗigo ukun nan na sama, za ka ga Additional CSS, kuma kowace irin bulok ma tana da nata ƙaramin akwatin. Shi ma wannan a rumbun bayanai yake, a teburin wp_posts ɗin dai, amma a ƙarƙashin nau'in wp_global_styles, a cakuɗe da sauran saitunan launi da haruffa cikin tsarin JSON, kuma shi ma a ɗaure yake da jigon da ke aiki. Wato ranar da ka sake canza jigo, abin da ya same ka shekaranjiya zai maimaita kansa. Tsohon Customizer bai mutu ba, idan ka rubuta /wp-admin/customize.php a bayan adireshin shafinka zai buɗe, amma ban ba ka shawarar ka raba gyaranka gida biyu ba. Bayan wata shida ba za ka tuna wanne ka sa a ina ba.

Ɗan Kasuwar Kod ya amsa:

Da izinin malamaina, ni a ganina duk wanda CSS ɗinsa ya kai layi ɗari biyu ya wuce zaman akwati, ya kamata ya koma fayil. Hanyar da aka tanada domin haka ita ce jigon ɗa, wato ƙaramin jigo da ke gadon komai daga babban jigon, kai kuma ka rubuta bambancin kawai. Folda ce za ka buɗe a wp-content/themes, ka sa mata style.css wanda a samansa akwai layin Theme Name da layin Template, kuma a gaban Template ɗin dole ka rubuta sunan foldar uwar daidai harafi da harafi, a nan twentytwentyfour. A jigon bulok WordPress ba ya ɗauko style.css da kansa, sai ka kira shi ta wp_enqueue_style a cikin functions.php, launuka da haruffa kuma ka rubuta su a theme.json. Wanda ba ya son yin wannan da hannu, fulogin (ƙaramar manhajar da ake ƙara wa WordPress) mai suna Create Block Theme yana ƙirƙirar jigon ɗa, har ya kwashe saitunan da ka yi a Editor ya mayar da su fayil.

Dalilaina uku ne, kuma na farkon ya fi sauran nauyi. Abin da ke akwatin Customizer ana cusa shi ne a saman kowane shafi, a cikin alamar style mai suna wp-custom-css, saboda haka duk shafin da mai karatu ya buɗe sai ya sake sauke layukan nan da datarsa, alhali fayil sau ɗaya burauza ke sauke shi ta riƙe. Ga masu karatun da ke lissafin kowane megabait, wannan ba abin rainawa ba ne. Sannan fayil ana iya sa shi a Git, manhajar adana tarihin canje-canjen kod, a san wanda ya canza me da ranar da ya canza, kuma ana iya ɗaukar foldar a kai wani shafin cikin minti ɗaya.

Abin da kawai zan gargaɗi kowa a kai shi ne rubutu kai tsaye a style.css na babban jigon ta Theme File Editor. Ranar da aka sabunta jigon, WordPress na share tsohuwar foldar ya ajiye sabuwa, kuma wannan gogewar ta gaskiya ce, babu wani teburi da za a je a tono ta.

Malama Mai Zanen Shafuka ta sake amsawa:

Gargaɗinka na ƙarshe babu ja a kansa, ɗan'uwa, amma a batun data ina ganin ka ɗan zafafa. Layi ɗari biyu na CSS 'yan kilobait ne, hoton buhun taki guda ɗaya da ba a rage masa nauyi ba ya ninka su sau da yawa, kuma bayan tacewa zai yi wuya su wuce layi talatin. Sannan mu dubi wanda muke ba shawarar. Mutum ne da ya gaya mana cewa wanda ya gina shafin ya tafi, shi kaɗai yake lallaɓawa. Kuskuren alama ɗaya a akwatin CSS iyakarsa wani gyara ya ƙi fitowa, amma kuskuren alama ɗaya a functions.php yana iya tsayar da shafin gaba ɗaya. Kada kuma a manta cewa jigon ɗa shi ma jigo ne dabam a idon WordPress, da sunan foldarsa dabam, don haka ranar da Malam ya kunna shi, saitunan da ya yi wa uwar a Editor ba za su biyo shi da kansu ba. Idan shafin na kamfani ne mai ma'aikata uku da ke taɓa kod, ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Ga mai shafin noma kuwa, akwati ɗaya da kwafi a kwamfuta sun wadatar.

Mai Shafin Noma ya dawo:

Allah ya saka muku da alheri baki ɗaya. Tsohon jigon yana nan ban goge shi ba, na bi ta Live Preview kamar yadda Malam ya ce, sai ga layukana 187 cif, har da wani da na rubuta wa kaina tunatarwa a kansa tun shekarar farko na manta. Na kwafe su na ajiye a kwamfuta da kuma imel ɗina. Na bi shawarar Malama na tace su, abin da ya rage 24 ne kacal, na gyara sunayensu na zuba a akwatin Styles, na kuma girka Noto Sans, yanzu "ƙwarin ɗanyen ɓawo" yana fita sumul a kanun labari.

Saura abu biyu. A kwamfutata komai ya canza, amma wani abokin aikina ya buɗe a wayarsa ya ce shi har yanzu kanun baƙaƙe ne. Na biyu kuma, muna shirin barin kamfanin hostin ɗinmu a ƙarshen shekara saboda yawan ɗaukewar da shafin ke yi. Tunda yanzu na gane gyaran ba a folda yake ba, me zan yi don ya bi mu?

Tsohon Ma'aikacin Saba ya sake amsawa:

Madalla, Malam. Abin da abokin aikinka ke gani tsohon kwafin shafin ne da aka adana don saurin buɗewa. Kai kana ganin sabo ne saboda ka shiga a matsayin mai gudanarwa, kuma yawancin fulogin ɗin kash (cache), wato masu adana irin wannan kwafi, ba sa ba wanda ya shiga tsohon kwafi. Tunda CSS ɗin naka a jikin shafin yake tafiya, muddin ana raba tsohon shafi, tsohon gyara za a gani. Ka duba ko kana da irin su LiteSpeed Cache ko WP Super Cache ka share abin da suka adana, idan shafin yana bi ta Cloudflare can ma ka share, sannan abokin naka ya gwada a shafin sirri na burauzarsa. Kada ka fara liƙa !important a kowane layi kafin ka yi wannan, domin mutane da yawa sun cika CSS ɗinsu da shi suna yaƙi da matsalar da ba ta CSS ba ce.

Game da ƙaura, ka riƙe cewa shafin WordPress kashi biyu ne, fayiloli da rumbun bayanai, kuma wanda ya ɗauki ɗaya ya bar ɗaya bai ɗauki shafi ba. Idan ka zazzage wp-content kaɗai, ka tafi da hotuna da jigogi da salon haruffan da ka girka, amma ka bar labaranka da layukan nan 24 a baya. Ka fitar da rumbun gaba ɗaya ta Export na phpMyAdmin, ko ka yi amfani da fulogin irin su UpdraftPlus ko Duplicator da ke haɗa kashi biyun. Ban so ka dogara da Export ɗin da ke ƙarƙashin Tools a cikin WordPress ba, domin shi ba ya ɗaukar teburin wp_options, inda sauran saitunan jigo da na fulogin suke. A sabon gidan kuma ka tabbata sunan foldar jigon bai canza ba, tunda ka ga da idonka cewa da wannan sunan ake neman gyaran.

Tambaya ɗaya gare ka kafin ranar ta zo: akwai shafukan da wanda ya gina muku ya yi da Elementor, wato fulogin zana shafuka? Idan akwai, shi nasa tsarin dabam ne. Yana ajiye zanen kowane shafi a teburin wp_postmeta, sannan ya haifar da fayilolin CSS a wp-content/uploads/elementor/css, kuma bayan ƙaura sau da yawa sai an shiga Tools ɗinsa an umarce shi ya sake haifar da su kafin shafukan su dawo kamanninsu.

Mai Shafin Noma ya rubuta:

Na share kash ɗin LiteSpeed, abokin nawa ya ce yanzu kore yake gani. Na duba jerin fulogin ɗin kuma lallai akwai Elementor, shafin farko da na tuntuɓa da shi aka yi su, ga shi ban taɓa buɗe shi ba sai yau. Zan fitar da rumbun a daren nan in ajiye, in Allah ya kai mu lokacin ƙaurar zan dawo wannan zaren da abin da na tarar.